Wuta Daga Kainji Har Yamai: Ina Rabon Mutumin Gehuru?

Duk wanda ya saba bin hanyar Jega zuwa Maiyama bayan faɗuwar rana ya san abin da yake fara tarbarsa tun kafin ya shiga gari. Ƙarar janareto ce. Sa'an nan ya hangi ɗan ƙwan da mai shayi ya rataya, da teburin mai cajin waya inda samari suka yi cincirindo. Da gari ya waye kuwa sai ƙarar ta koma fadama, inda injunan ban-ruwa suke zuƙo ruwa domin shinkafa da albasa da tattasai. Watau dare da rana mutanen wannan yanki, daga Gehuru har zuwa Aliero, lita-lita suke sayen ƙarfin da suke aiki da shi, da tsada kuwa, alhali jiharsu tana cikin waɗanda suka ba da ƙasarsu domin Nijeriya ta sami wutar lantarki.

Mun ga ya kamata mu zauna da mai karatu mu warware wannan al'amari daki-daki, gama dokokin wuta sun sake sau da yawa, masu kamfanonin ma sun sake, amma bayani bai kai ƙauye ba. Har yau 'yan NEPA muke ce wa masu kawo takardar kuɗin wuta, ko da yake NEPA ta daɗe da zama tarihi. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Ƙasar Da Ruwa Ya Ci

A shekarar 1964 aka soma ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, aka gama a 1968. An kafa mata injuna takwas masu iya ba da megawat 760. Tafkin da madatsar ta haifar ya miƙo arewa har ƙasar Yawuri, wadda take cikin Jihar Kebbi ta yanzu, ya cinye gonaki da tsibirai da tsofaffin garuruwa. Fiye da mutum 40,000 aka tasa daga gidajen kakanninsu aka sake musu mazauni. Wannan shi ne kuɗin farko da mutanen bakin kogi suka biya, tun kafin a kunna ƙwai ko ɗaya.

Daga Kainji aka ja babbar waya mai kilobolt 330 ta ratsa ƙasar Kebbi zuwa babbar tasha da ke Birnin Kebbi. Daga wannan tasha ne wuta take rarrabuwa zuwa garuruwan jihar, ta wuce Sakkwato. Daga nan ne kuma, tun cikin shekarun 1970, wata waya mai kilobolt 132 take ƙetare iyaka ta kai wuta Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar. Kada mai karatu ya ɗauka kyauta ce. Ciniki ne, kuma hukumomin Nijeriya sun sha bayyana cewa akwai hikima a bayansa: kogin Kwara ta Nijar yake biyowa kafin ya iso mana, in maƙwabci ya tare ruwa a sama, Kainji ce za ta ji a jikinta.

Abubuwa biyu da suka faru a 2023 sun nuna mana nauyin wannan waya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta yanke wutar da take aikawa a farkon Agusta. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa, sai Yamai ta shiga duhu, ba a mayar da wutar ba sai a watan Maris na 2024. A watan Satumba na 2023 kuma gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi ta ƙone manyan taransifomomi, Kebbi da Sakkwato suka kwana cikin duhu. Darasin a fili yake. Yankin da yake rataye da igiya ɗaya, ranar da ta tsinke kowa ƙasa zai faɗo.

Daga NEPA Zuwa Hannun 'Yan Kasuwa

A 1972 gwamnatin tarayya ta haɗe hukumar lantarki ta ƙasa da hukumar madatsun kogin Kwara, ta kafa NEPA. Ita ce mai samar da wuta, ita ce mai dakonta, ita ce mai rabawa, ita ce kuma mai karɓar kuɗi. A 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka yi dokar gyaran harkar lantarki wadda ta rushe NEPA, aka kafa PHCN domin riƙon ƙwarya, aka kuma kafa hukumar NERC ta zama alƙali tsakanin kamfanoni da jama'a. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa akasarin kamfanonin ga 'yan kasuwa.

Tun daga nan sana'ar ta rabu gida uku, kuma yana da kyau mu gane su domin mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Akwai masu samar da wuta: Kainji da Jebba suna hannun kamfanin Mainstream bisa yarjejeniyar haya. Akwai mai dako, watau kamfanin TCN na gwamnatin tarayya, mai manyan wayoyi da manyan tashoshi irin ta Birnin Kebbi. Sa'an nan akwai masu rabawa gida-gida, waɗanda aka kasa su 11 a faɗin ƙasa. Jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna sun faɗa hannun kamfanin Kaduna Electric, wanda cinikinsa ya yi jinkiri har sai Disamba 2014. 'Yan kasuwa suka ɗauki kashi 60 cikin 100, gwamnati ta riƙe 40.

An sayar ne da fatan masu kuɗi za su zuba jari, su sayi mita, su sabunta wayoyi. Abin bai tafi yadda aka zata ba. Yawancin masu sayen bashin banki suka ci, kuɗin da ake karɓowa daga jama'a kuwa bai isa biyan masu samar da wutar ba. A 2022 bankunan da suke bin bashi suka shiga cikin tafiyar da kamfanin Kaduna, a watan Janairu 2024 kuma NERC ta rushe hukumar daraktocinsa saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. Me ya haɗa wannan da mutumin Gehuru? Kamfanin da bashi ya yi wa katutu, inda kuɗi yake zai fara dubawa. Unguwar masu masana'antu da manyan gidaje ita ce gaba, ƙauyen da ke ƙarshen waya shi ne baya.

Rukuni Biyar

Wannan fifiko ma ya shiga cikin tsarin farashi. Tun 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar bisa yawan awoyin da aka yi musu alkawari a rana. Rukunin A awa 20 ne zuwa sama, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, sauran rukunan aka bar su da tallafin gwamnati.

A ido wannan rangwame ne ga talaka. Amma mu duba ta wajen ɗan kasuwa. In yana da buhu goma na kaya, ga mai saye da tsada ga mai saye da araha, wa zai fara auna wa? Duk ranar da wutar da ta iso daga Kainji ta kasa, layin da ya fi biya shi ake ƙoƙarin cika wa alkawari. Saboda haka kowane gari yana da haƙƙin sanin rukunin da aka sa layinsa, ya kuma riƙa lissafin awoyin da yake samu. Littafi ɗaya a hannun malamin makaranta ko magatakardan dagaci, ana rubuta sa'ar da aka kawo wuta da sa'ar da aka ɗauke, ya fi ƙorafin shekara guda a bakin kasuwa.

Haƙƙin Garin Da Ke Da Falwaya

Ga abin da muka saba gani a garuruwa da yawa na ƙasar nan. Taransifoma ta ƙone, a yi wata da watanni ba wanda ya leƙo. Sai mai unguwa ya sa a yi shela, a yanka wa kowane gida kuɗi, a roƙi ɗan majalisa ko wani ɗan gari mai hali ya cika. A sayo, a kafa, a yi murna. Ƙarshen wata sai ga takardar kuɗin wuta, har da na watannin da aka yi cikin duhu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, ga abin da ƙa'idojin NERC suka tanada.

Na farko, sayen taransifoma da falwaya da waya, da gyaransu, aikin kamfanin rabon wuta ne. Ba a tilasta wa jama'a. In gari ya ga ba zai iya jira ba ya zaɓi ya saya da kansa, ƙa'idar zuba jari ta 2015 ta ba da dama a yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin tun kafin a kashe ko kwabo, yadda za a mayar wa jama'a kuɗinsu, ko da ta hanyar rage musu kuɗin wuta ne. Garin da ya saya ba takarda, sadaka ya yi wa kamfani.

Na biyu, kowane mai shan wuta yana da haƙƙin a sa masa mita. A ƙarshen 2024 fiye da rabin masu rajista a Nijeriya ba su da ita, da ƙiyasi ake yanka musu kuɗi. Tun watan Fabrairu 2020 NERC ta sa wa wannan ƙiyasi iyaka: akwai adadin yunit da ba a yarda kamfani ya wuce ba ga marar mita, gwargwadon abin da masu mita na yankinsa suke sha. Wanda aka yanka wa fiye da haka yana da damar neman a mayar masa. Haka nan wanda ya sayi mita da kuɗinsa a ƙarƙashin tsarin da aka fito da shi a 2018, ƙa'ida ta ce a biya shi sannu a hankali da yunit.

Na uku, ba a yanke wa mutum wuta sai an ba shi sanarwa a rubuce, ba a kuma jefa wanda ya biya cikin duhu saboda bashin maƙwabcinsa.

Na huɗu, kuka yana da hanya. Ana fara kai shi a rubuce ofishin sauraron ƙorafi na kamfanin, a karɓi shaidar an kai. In kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, sai a ɗaukaka zuwa zauren sauraron koke na NERC, daga nan zuwa hukumar kanta. Ba a biyan kuɗi, ba a kuma bukatar lauya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗa wa kanmu ita. Mai ja waya ta bayan mita, da mai saƙala ƙugiya da dare, da mai kwance man taransifoma ya sayar, ba daga wata ƙasa suke zuwa ba. 'Ya'yanmu ne, mun kuwa san su. Dokar lantarki ta 2023 ta tanadi tara da ɗauri a kan waɗannan laifuffuka. Garin da yake rufa wa ɓarawon wuta asiri ya raunana bakinsa ranar da zai je neman haƙƙi.

Fetur Da Fadama

Ga manomin wannan yanki, maganar makamashi ba ta tsaya ga ƙwan ɗaki ba. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba 2015. Noman rani ya bunƙasa, sunan Kebbi ya tafi har Legas, manyan injunan casa suka kafu a Argungu da Birnin Kebbi. Amma duk wannan shinkafa, da albasar da Aliero ta yi suna a kanta, a kan ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur suke tsaye.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur. Litar da gwamnati ta ƙayyade ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Mu yi ɗan lissafi. A ce injin manomi yana shan lita 5 duk ranar ban-ruwa. Abin da yake kashewa bai kai naira 1,000 ba a da, sai ga shi ya koma naira 5,000. A ninka wannan da yawan ranakun ban-ruwa na wata uku zuwa huɗu da shinkafa take yi a gona, a haɗa da taki da magani da 'yan ƙwadago, za a gane dalilin da ya sa wasu suka rage faɗin gona, wasu suka haƙura da noman rani ɗungum.

Manomi bai zauna ya naɗe hannu ba. Wasu sun juya injunansu zuwa gas ɗin girki, wasu sun koma ga famfo mai aiki da hasken rana. Sola tana da kyau ga ƙasarmu, gama lokacin da ake bukatar ruwa shi ne lokacin da rana ta fi ƙwallewa, kuma in an saya an huta da sayen mai. Matsalarta biyu ce: kuɗin farko yana da nauyi ga mutum ɗaya, kasuwa kuma ta cika da jabun kaya. Shawararmu ita ce manoma masu maƙwabtaka su haɗa kai su saya tare, kada su biya sai da rasit da takardar garanti mai sunan dillali, su kuma tabbata akwai mai gyara a kusa, a Jega ko Birnin Kebbi.

Ƙofar Da Aka Buɗe A 2023

Garin da falwaya ba ta kai ba, ko ta kai amma ta zama wurin shanya, shi ma doka ba ta manta da shi ba. A watan Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki wanda ya ba jihohi ikon samar da wuta da dakonta da rabata ko a wuraren da wayar tarayya ta kai. A watan Yuni na shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki, wadda ta maye gurbin ta 2005. Jihar da ta yi tata doka ta kafa tata hukuma tana iya karɓar ragamar kasuwar wutarta daga NERC. Enugu da Ondo da Ekiti ne suka fara a 2024, wasu suka biyo baya.

Abin da ya fi kusa da ƙauye shi ne ƙaramar tashar gari, watau a kafa faifan sola da batura a wuri ɗaya, a ja waya zuwa gidaje da shaguna da injunan niƙa, kowa da mitarsa. Ƙa'idar da NERC ta fitar a 2016 ta kuma sabunta a 2023 ta ce tashar da rabonta bai wuce kilowat 100 ba rajista kawai take bukata, wadda ta fi haka har zuwa megawat 1 kuwa sai ta nemi izini. Ana yin yarjejeniya a rubuce tsakanin gari da kamfanin da zai kafa. In garin yana da tsohuwar waya, kamfanin rabon wuta yakan shiga ya zama na uku. Hukumar kai wuta karkara ta tarayya, REA, ita take tallafa wa irin waɗannan ayyuka, a watan Disamba 2023 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin faɗaɗa su.

Kada a yaudari kowa, yunit ɗin ƙaramar tasha yakan fi na babbar waya tsada. Amma da janareto ya kamata a gwada shi, domin shi ne abin da mai walda da mai ƙanƙara da tela suke amfani da shi yau. Kamfanoni kuma lissafi suke yi kafin su zo. Garin da zai iya nuna yawan gidajensa, da injunan niƙa da na casa, da shaguna, da asibitin sha-ka-tafi, da kadadar fadamar da ake nomawa da rani, shi ne yake jan hankalinsu. Kafin a sa hannu kuwa, a karanta wa jama'a yarjejeniyar da Hausa a bainar kowa: nawa ne yunit, wa yake da ikon ƙara farashi, filin wa aka ɗauka da wane sharaɗi, wa zai sauya batura in sun mutu.

Akwai kuma hukumar HYPPADEC, wadda aka yi dokarta a 2010 domin raya yankunan da madatsun wuta suka shafa, mai hedkwata a Minna. Kebbi tana cikin jihohinta. Haƙƙi ne da aka biya da gonakin Yawuri, ya kamata wakilanmu su riƙa faɗa mana abin da jihar take samu daga gare ta.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

A 2022 aka ƙaddamar da aikin wata sabuwar waya mai kilobolt 330 wadda aka tsara ta tashi daga Birnin Kebbi ta bi ta Yamai zuwa Wagadugu, da reshe zuwa Jamhuriyar Benin. Ba mu ƙi maƙwabta su sami haske ba, 'yan'uwanmu ne, cinikin kuma yana kawo wa ƙasa kuɗin waje. Abin da muke cewa shi ne, mai gidan da ake ɗiban wuta a murhunsa bai kamata ya kwana da sanyi ba.

Saboda haka muna kira ga kowane gari a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama ya kafa ɗan kwamitin wuta, mai ɗauke da dattawa da matasa da mata da masu sana'a. Aikinsa shi ne ya san rukunin layin gari, ya riƙe littafin awoyi, ya adana rasit da takardun kuɗin wuta, ya tsare taransifoma, ya rubuta koke da sunan gari maimakon kowa ya tafi shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a da alkawarin taransifoma, a gode musu, sa'an nan a tambaye su wane tanadi jiha ta yi a kasafin kuɗinta domin ƙauyukan da ke ƙarshen waya, da kuma manoman da fetur ya kora daga fadama.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba. Dokokin suna nan a rubuce, suna jiran wanda zai ɗauke su ya kai ofis.